Na saki mutanen Trent, amma Ingila ta shigo yaƙin: wannan daidai ne?

Habu (ƙauyen Ringim): Assalamu alaikum jama'a. Ina da ƙorafi, kuma gara in faɗa a nan kowa ya ji, don kada a ce na yi da wani a bayan idonsa. Sati bakwai ke nan ni da Sagir muna buga wasan yaƙin basasar Amurka, ni na riƙe Tarayya, wato jihohin Arewa, shi ya riƙe 'yan awaren Kudu. Kun san yadda muke yi, in gama zagayena in tura masa fayil ta WhatsApp, ya yi nasa ya dawo min da shi. Kowane zagaye rabin wata ne a kalandar wasan. Garinmu babu wuta, sai na kai kwamfutar shagon mai sola an yi min caji, sabis kuwa sai na hau tudun bayan firamare bayan isha'i. A haka muka taho tun daga Afrilun 1861 har Nuwamba.

Jiya aukuwar Trent, jirgin Ingila da sojan ruwan Tarayya suka tare suka kama jakadun Kudu a cikinsa, ta fito, cikin waɗanda Injiniya Nura ya ƙara wa wasan. Aka ba ni zaɓi biyu, in riƙe jakadun Kudu da aka kama ko in sake su. Na sake su, kamar dai yadda Shugaba Lincoln ya yi. Fayil na dawowa sai na tarar Ingila ta ƙaddamar da yaƙi a kaina. Jiragen ruwanta sun watsa toshewar da na yi wa tashoshin Kudu, runduna kuma ta taso daga Kanada ta bayana. Wallahi na daɗe zaune a kan tudun nan ina kallon allon. Idan na riƙe mutanen a yaƙe ni, idan na sake su a yaƙe ni, to zaɓin me aka ba ni?

Sagir (Takai): Wa alaikumus salam. Yaya Habu, ni dai ban taɓa komai ba, Allah ne shaida. Na buɗe fayil na ga Ingila a ɓangarena, shi ke nan.

Habu (ƙauyen Ringim): Ban zarge ka ba ƙanena. Da rubutun aukuwar nake.

Injiniya Nura (Gumel): To ni ne mai laifin ke nan, bari in yi bayani. Na sa ƙuri'a a ciki. Idan ka riƙe jakadun, kashi 70 cikin 100 Ingila za ta shigo. Idan ka sake su, kashi 15. Kai sha biyar ɗin nan ce ta faɗo maka. Dalilina shi ne, idan mai wasa ya san amsar da tarihi ya bayar kuma ya san ita ce ke kuɓutar da shi ɗari bisa ɗari, babu sauran wasa, ya zama hadda. Mutanen 1861 ba su san yadda abin zai ƙare ba. Ina so kai ma hannunka ya yi rawa kafin ka danna, kamar yadda nasu ya yi.

Kuma tarihin kansa cike yake da irin wannan. Ku duba Satumban 1862. Janar Lee na Kudu ya raba rundunarsa a Maryland, ya rubuta umarni mai lamba 191. Kwafi ɗaya ya faɗi a fili kusa da garin Frederick, an naɗe sigari uku da shi. Ranar 13 ga wata wani kofur na Tarayya ya tsinta, takarda ta isa hannun McClellan, kwamandan rundunar Tarayya. Kwana huɗu bayan haka aka gwabza a Antietam, mutum wajen 23,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace a wuni ɗaya. Wace ƙuri'a ce ta fi wannan?

Malam Lawan (Ɗambatta): Salamu alaikum. Na karanta duka. Nura, ka kawo misali mai kyau amma ba a muhallinsa ba.

Faɗuwar takarda daga aljihun manzo abu ne na mutum ɗaya da minti ɗaya, wannan ƙuri'a na iya ɗaukarsa. Shigar daula kamar Ingila yaƙi kuwa shawara ce ta majalisa da 'yan kasuwa da baitulmali, ruwa ba ya tsami banza. Mu bi abin da ya faru. Ranar 8 ga Nuwamban 1861 Kyaftin Wilkes na Tarayya ya tare jirgin wasiƙun Ingila ya sauke jakadun Kudu, Mason da Slidell. Landan ta fusata ƙwarai, ta tura dubban sojoji Kanada, ta kuma hana fitar da sinadarin haɗa albarushi da Tarayya ke saya ta hannunta daga Indiya. Amma me ta nema? A saki mutanen a ba ta haƙuri. Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, yana kwance ba lafiya ya sassauta lafazin wasiƙar don a bar wa Amurka ƙofar fita, ya rasu 14 ga Disamba. Ƙarshen watan gwamnatin Lincoln ta yarda, aka sake su, magana ta mutu. Wanda ya ce maka ka biya ni bashina ko mu je gaban alƙali, ka ƙirga ka ba shi, da wane dalili zai kai ka?

Saboda haka kashi 15 ɗin nan ba ta da saiwa. Abin da nake gani shi ne, duk aukuwar "da a ce" da za a sa a wasa sai ta cika sharaɗi biyu. Ta kasance akwai mutanen da suka yi niyyar yin abin a lokacin har ya kusa faruwa. Sannan wanda ya amfana da ita ya biya wani abu. Sagir ya samu jiragen ruwan da suka fi na kowa a duniya bai biya ko anini ba.

Injiniya Nura (Gumel): Malam na ji, amma auduga fa? Fiye da kashi 70 cikin 100 na audugar da masaƙun Ingila ke aiki da ita daga Kudu take zuwa. Dubban ma'aikata a Lancashire sun rasa aiki. Wannan ba saiwa ba ce?

Malam Lawan (Ɗambatta): Saiwa ce, amma ba ta 1861 ba. Nan ne 'yan Kudu suka yi kuskuren da ya fi kowanne. Da kansu suka riƙe audugarsu a shekarar farko, wai don Turai ta ji jiki ta zo ta cece su. Alhali amfanin 1860 ya yi albarka sosai, rumbunan Liverpool a cike suke. Kafin yunwar auduga ta kama Lancashire sosai a 1862, toshewar teku ta yi ƙarfi, 'yan kasuwa kuma sun fara juyawa Indiya da Masar. Ga kuma alkama. Shekarun nan noman Ingila bai yi kyau ba, hatsin jihohin Tarayya take ci.

Ɗan'azumi (Maigatari): Wannan na gane shi da kyau, don mun gani da idonmu. Akwai shekarar da mutanen wani ƙauye kusa da mu suka haɗa baki suka ce ba mai sayar da riɗi sai ya kai kaza. Dillalai suka yi sati biyu suna zuwa, a na uku suka wuce wasu kasuwanni suka cika motocinsu. Da bikin 'ya'ya ya matso, mutanen nan da kansu suka ɗora buhuna a kan amalanke suna neman mai saye. Ɓoye kaya sai wanda ba shi da buƙatar kuɗi, Kudu kuwa bindiga take nema da takalmin soja.

Injiniya, me zai hana ka mai da wannan ya zama zaɓin mai riƙe Kudu? Ko ya sayar da auduga tun zagayen farko kafin a toshe teku ya samu kuɗi, ko ya riƙe yana fatan Turai. Wannan shi ne "da a ce" na gaske.

Injiniya Nura (Gumel): Wannan shawara ta shige ni. Zan rubuta ta.

Malam Lawan (Ɗambatta): Kuma idan kana son Ingila ta taka rawa, ka matsar da ita zuwa kakar 1862. A lokacin ne Firayim Minista Palmerston da ministan harkokin waje Russell suke musayar wasiƙu kan shiga tsakani, bayan Lee ya yi nasara a Bull Run karo na biyu. Ministan kuɗi Gladstone ya tashi a Newcastle ranar 7 ga Oktoba ya ce shugabannin Kudu sun kafa ƙasa. Napoleon na Uku na Faransa, wanda sojojinsa ke Meziko, ya nemi Ingila da Rasha su haɗu da shi a nemi tsagaita wuta na wata shida, a Nuwamba suka ƙi. Ka lura, ko a nan sulhu ake magana. Taimakon da Kudu ta samu a zahiri shi ne irin jirgin Alabama da aka ƙera mata a Birkenhead, wanda daga baya aka yanke wa Ingila diyyar dala miliyan 15.5 a kan ɓarnarsa da ta ire-irensa a 1872.

Abba Kiyawa: Ku yi haƙuri in katse ku. Ni abin da ke damuna daban ne. Ba akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya hana cewa "da na yi kaza da kaza ya faru" ba, saboda "da" tana buɗe aikin Shaiɗan? Mu kuma ga shi mun zauna muna gina wasa a kanta. Abin da Allah ya ƙaddara ya riga ya faru.

Malam Lawan (Ɗambatta): Tambaya ce mai kyau Abba, Allah ya yi maka albarka. Hadisin ingantacce ne. Malamai sun yi bayanin cewa hanin yana kan wanda musiba ta same shi ya zauna yana cizon yatsa yana jayayya da ƙaddara. Annabi (SAW) da kansa ya yi amfani da kalmar a hajjin ban kwana, inda ya nuna da ya san abin da ya sani daga baya da bai koro hadaya ba. Ɗalibin da ke tambayar me ya sa wannan runduna ta ci waccan ta faɗi, sababi yake nema. Manomin da ya ce bara na makara da shuka, bana zan yi da ruwan farko, ai ba ya faɗa da ƙaddara. Amma ka tambayi malamin garinku ma don zuciyarka ta natsu.

Abba Kiyawa: Na gode Malam. Zan tambaya.

Maman Sadik (Kazaure): Ni ba na buga wasan, ƙanena ne ke bugawa ina kallo, amma ina koyar da tarihi a sakandare, don haka ku ba ni dama. Tun ɗazu ana maganar jirage da auduga da alkama. Wa ke noma audugar? Mutanen Kudu wajen miliyan 9 ne, kusan miliyan 3.5 daga cikinsu bayi ne. Na duba jerin aukuwar da Injiniya ya turo makon jiya, guda goma sha ɗaya, babu ko ɗaya da ta ambace su. An sa "da Stonewall Jackson bai mutu ba", an sa "da Kentucky ta bi Kudu", amma mutanen da aka yi yaƙin a kansu sun zama kamar ƙasar da ake takawa.

Kuma ba don tausayi kaɗai nake faɗa ba, lissafin wasan ma ba zai fita ba in babu su. Kwana biyar bayan Antietam, 22 ga Satumba, Lincoln ya fitar da sanarwar farko ta 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye, ta fara aiki 1 ga Janairun 1863. Daga ranar, duk gwamnatin Ingila da ta goyi bayan Kudu ta goyi bayan bauta a fili, ƙasar da ta haramta cinikin bayi a 1807 ta kuma yi dokar soke bautar a 1833. Sannan baƙaƙen fata wajen 180,000 suka shiga sojan Tarayya. A cikinsu har da ɗan ƙasar nan. Muhammad Ali Sa'id, wanda suke kira Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne a Borno. An kama shi yana yaro aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya isa Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts. Duk shekara idan na faɗa wa ɗalibaina wannan sai ajin ya yi tsit.

Sagir (Takai): Anti, wallahi ban taɓa jin labarin mutumin nan ba. Ni na ɗauki Kudu ne don ita ce mai wahala, mutane kaɗan, layin dogo mil 9,000 a gaban 22,000 na Yaya Habu. Amma akwai abin da na taɓa tunani. Me zai hana a ba ni zaɓin in 'yanta bayin in sa su soja? Ai da na samu mutane.

Maman Sadik (Kazaure): An kawo wannan shawarar a gaske. Janar Patrick Cleburne na Kudu ya rubuta ta a Janairun 1864, aka danne takardar aka hana yaɗa ta, shi kuma bai ƙara samun ƙarin girma ba har aka kashe shi a Franklin ƙarshen shekarar. Sai a Maris 1865 majalisarsu ta yarda a ɗauki bayi soja, ko a nan dokar ba ta yi alkawarin 'yanci ba, kuma saura ƙasa da wata guda Lee ya miƙa wuya. To idan Injiniya zai sa maka wannan zaɓi, sai ya sa farashinsa: masu gonaki su janye kuɗinsu, wasu rundunoni su watse, wata jiha ma ta yi barazanar ficewa. Mutanen da suka fasa ƙasa don su riƙe bayi ba za su sake su don ka danna maɓalli ba.

Injiniya Nura (Gumel): Hajiya kin yi gaskiya, kuma na ji kunyar wannan giɓin. Zan sa sanarwar 'yanci ta zama aukuwa, sharaɗinta sai Tarayya ta ci wani babban faɗa tukuna, tunda Lincoln ma jira ya yi. Idan ta fito, ƙofar Turai ta rufe, Tarayya ta fara samun sabbin rundunoni, amma ta ɗan rasa goyon baya a jihohin kan iyaka.

Sai dai ban sauka daga kan maganata gaba ɗaya ba. Idan aka bi ta Malam, komai sai mai dalili, to Tarayya ce za ta ci kullum. Mutum miliyan 22 da masana'antu, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wa zai yarda ya riƙe Kudu?

Habu (ƙauyen Ringim): Ai Kudu ba sai ta ci Washington ba. Ta dai hana ni ci har mutanena su gaji. A watan Agustan 1864 Lincoln da kansa ya ɗauka zai faɗi zaɓe. Janar Sherman na Tarayya ya kama Atlanta 2 ga Satumba, iska ta juya, a Nuwamba Lincoln ya samu ƙuri'un wakilai 212, abokin takararsa McClellan 21. Ka sa zaɓen nan ya zama ma'auni. Idan Sagir ya riƙe Atlanta da Richmond har Nuwamban 1864, ya kashe min mutane da yawa, in faɗi zaɓe, ya ci wasa. Wannan idan ya same ni zan karɓa hannu biyu, don na san aikinsa ne ya ba shi.

Haka Kentucky. Kada a jefa mata ƙuri'a. Ta ce ba ruwanta da kowa, sai Janar Polk na Kudu ya shiga Columbus a farkon Satumban 1861, Janar Grant na Tarayya ya kama Paducah, majalisar jihar ta koma bayan Tarayya. Wanda ya fara taka ƙasarta shi ya rasa ta. A bar mu mu yi ta kallon juna a kan iyaka, mai gajen haƙuri ya biya.

Sagir (Takai): Tunda ana maganar basasa, ni fa tamu ta Kano nake so wata rana a yi. Garinmu ne Yusufawa suka yi sansani bayan Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur a 1893. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, Alu ya karɓi jagoranci ya shiga Kano, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. "Da a ce" a nan ba ta ƙirguwa. Da Sakkwato ta naɗa Yusufu tun farko fa? Da bai rasu a hanya ba fa? Kakata tana ba mu labarin da ta ji a wurin tata kakar, yadda suka kwana uku a cikin rami a bayan gari da tulun ruwa ɗaya, an toshe bakin jariri da zani don kada mahaya su ji kukansa.

Malam Lawan (Ɗambatta): Za a iya, amma a bi a hankali. Jikokin ɓangarorin biyu suna nan da ransu, wasu ma suna cikin wannan zauren. Kuma sharaɗin nan biyu yana nan. Wanda zai rubuta cewa da ba a yi basasa ba da Turawa ba su ci Kano a Fabrairun 1903 ba, sai ya gaya mana abin da zai tare igwa da bindiga mai ruwa. Haɗejiya ta tsaya ta yi faɗa a 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada, gari ya faɗi a wuni ɗaya. Abin da zai iya canzawa shi ne wa ke kan gadon, da wane gari aka ƙone da wanda ya tsira. Ga mutanen cikin ramin nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin kuma da zai ba ku sha'awa, yunwar audugar Lancashire ta biyo mu har gida. Tsoron dogaro da Amurka na cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a Manchester a 1902, suka sa ido a kan ƙasar Hausa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ana sa ran auduga, manoma suka duba farashi suka shuka gyaɗa.

Injiniya Nura (Gumel): To ga abin da zan gyara daren nan in an kawo wuta. Trent: idan an saki jakadu babu yaƙi, amma Tarayya ta rasa ɗan kwarjini a gida, albarushi kuma ya yi mata tsada zagaye biyu. Idan an riƙe su, ƙuri'ar tana nan. Shiga tsakanin Turai ya koma kakar 1862, kuma sai Kudu na riƙe da wani gari a Maryland. Zaɓin auduga na Ɗan'azumi, sanarwar 'yanci, takardar Cleburne da farashinta, zaɓen 1864. Kentucky yadda Habu ya ce.

Sigari uku kuwa ba zan cire ba. Kowane ɓangare, duk zagayen da ya raba rundunarsa gida uku ko fiye a ƙasar abokin gaba, akwai 'yar ƙuri'a cewa umarninsa zai faɗa hannun ɗayan.

Malam Lawan (Ɗambatta): Wannan ban ƙi ba, tunda shi ya raba rundunar da hannunsa. Amma ka sa mai tsintar ma ya iya yin sanyin jiki. McClellan ya samu takardar bai yi saurin da ya kamata ba, Lee ya tattara mutanensa ya koma Virginia da rundunarsa.

Habu (ƙauyen Ringim): Ni har yanzu ina ganin ko wannan ta yi yawa, amma zan buga a haka mu gani. Sagir, ka yarda mu koma zagayen farkon Nuwamba? Ina da fayil ɗin.

Sagir (Takai): Na yarda Yaya. Amma auduga fa an wuce lokacin sayar da ita, sai Injiniya ya ba ni zaɓin a zagayen da za mu koma.

Injiniya Nura (Gumel): Zan ba ka, da rabin kuɗin, tunda jiragen Habu sun riga sun tsaya a bakin Charleston.

Habu (ƙauyen Ringim): Madalla. Gobe Lahadi zan je Gujungu da awaki biyu, a can zan yi caji. In Allah ya yarda fayil zai same ka bayan isha'i, in hadari bai hana ni hawa tudu ba.